Kaskon Yankan Ciyawa na Taraktar Lambu: A Ƙera Ko A Saya? Tambayoyi da Amsoshi

Ƙaramar taraktar lambu takan fi kaskon yankan ciyawarta tsawon rai. Injin yana tashi da bugu ɗaya, giya tana shiga lafiya, amma ƙarfen da ke rataye a ƙarƙashin cikinta, wanda wuƙaƙe ke juyawa a ciki, tsatsa ta riga ta cinye shi. Masu sayar da kayan gyara suna ce wa wannan ƙarfe dek. A nan za a riƙa kiransa kasko, domin siffarsa ta kaskon da aka kife ce. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai tarakta kan yi wa kansa ranar da ya leƙa ƙarƙashinta ya ga haske yana ratsowa ta inda bai kamata ba.

Mene ne ainihin abin da ke lalacewa a jikin kasko?

Kasko ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙoƙon ƙarfen kansa, wato rufi da bangon da ya kewaye shi. Akwai gidajen da sandunan wuƙaƙe ke juyawa a cikinsu a kan boris, waɗanda za mu kira turaku, domin a kansu aka ɗaure kowace wuƙa. Sannan akwai fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a kansa, a saman kowane turke, da bel ɗin, da sifirin mai ɗame bel ɗin, da ƙananan tayoyin da ke hana wuƙa kwashe ƙasa a kan tudu, da kunnuwan da ake rataye kaskon da su a jikin tarakta. Duk waɗannan ana kwance su a sa sababbi, in ban da ƙoƙon da kunnuwan da aka yi wa walda a jikinsa. Saboda haka idan aka ce kasko ya mutu, kusan kullum ƙoƙon ake nufi.

Ɗanyar ciyawa ce ke kashe shi. Tana manne wa rufin daga ciki, ta yi kauri, ta riƙe danshi kwana da kwanaki, yashi da tsakuwa kuma sun riga sun kankare fentin da zai kare ƙarfen. Daga sama ma busasshiyar ciyawa takan taru a kwarin da ke kewaye da turaku da ƙarƙashin murfin bel, ta sha ruwa ta kwanta. Shi ya sa ɓarnar takan fara a daidai wuraren da suka fi ɗaukar nauyi.

Ta yaya zan gane ko nawa ya wuce faci?

Sai an sauke shi daga tarakta, an kife shi, an kankare ciyawar har ƙarfe ya bayyana. Daga nan a ɗauki ƙaramar guduma a riƙa ƙwanƙwasawa taki-taki. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta ci kuwa sautinsa a dushe yake, kuma ɓawo ja yana zubowa daga bayansa. Inda fenti ya kumbura kamar ƙurji, a danna shi da bakin sukudireba. Sau da yawa za a ga ya nutse ya ɓulla ta ɗaya gefen ba tare da an sa wani ƙarfi ba, alhali daga nesa wurin yana sheƙi kamar babu abin da ya same shi.

Abin dubawa shi ne inda ramin yake, ba girmansa ba. Rami mai faɗin tafin hannu a bangon gefe ko a tsakiyar rufi, nesa da turke, aikin faci ne na yini guda. Amma tsaga ko da ƙarama ce, in ta tashi daga ramin notin turke, ko kunne ya fara ɓallewa tare da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, magana ta canza, domin a nan ne ƙarfin juyawar wuƙa da jan bel suke sauka. Idan irin wannan ruɓa ta kewaye turaku biyu ko fiye, kuma ba a samun ƙarfe mai kauri da waldar za ta kama, faci ɓata waya da wuta ne kawai.

Zaɓi biyu ne kawai, ƙira ko sayen sabo?

A'a, sun kai biyar. Ana iya yin faci. Ana iya sayen ƙoƙo zalla, ba turaku ba fuli, a kwashe kayan tsohon a mayar kansa. Ana iya sayen cikakken sabon kasko da komai nasa a ɗaure. Ana iya neman na hannu, wani lokaci ma ta hanyar sayen matacciyar tarakta irin taka sukutum domin kaskonta kaɗai. Na ƙarshe shi ne a ƙera daga fallen ƙarfe. A ganina sayen ƙoƙo zalla shi ne zaɓin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi dacewa da yawancin mutane, musamman wanda bai daɗe da canza turaku da bel ba.

Idan ana samun sabo, akwai dalilin da zai sa a ƙera?

Dalilin kaɗan ne. Muddin kamfani yana sayar da ƙoƙon da ya dace da lambar taraktarka, saye ya fi, domin abin da kake biya ba ƙarfe kaɗai ba ne. Awo ne da aka riga aka daidaita, ramuka a mazauninsu, kunnuwa a inda sandunan ɗagawa za su same su.

Ƙira tana shigowa ne inda saye ya gagara, kuma hakan ya fi faruwa ga tsofaffin taraktoci masu ƙwari waɗanda masu su ba sa son rabuwa da su. Kamfanin International Harvester ya fara fitar da Cub Cadet a farkon shekarun 1960, ya sayar da sashen ga kamfanin MTD a 1981. John Deere ya shiga wannan kasuwa da samfurin 110 a 1963. Wheel Horse kuwa Toro ya saye shi a 1986. Taraktocin wancan zamani da yawa suna aiki har yau, amma sunayen sun canza hannu, samfurori sun shuɗe, kuma ƙoƙon da aka daina bugawa ba ya dawowa. Mai irin wannan tarakta, idan ya nemi na hannu ya rasa ko ya tarar duk sun ruɓe kamar nasa, yana da hujjar ɗaukar abin walda.

Kaskon wata tarakta zai shiga tawa idan faɗinsu ɗaya ne?

Faɗi shi ne mafi ƙarancin abin da ke yanke hukunci. Kasko mai inci 42 na wani kamfani da mai inci 42 na wani suna iya bambanta a wurin ratayewa, da tsayin fuli daga ƙasa, da hanyar da ƙarfin inji ke isowa. Wasu taraktoci bel ne ke saukowa kai tsaye daga fulin da ke ƙarƙashin inji. Wasu, waɗanda sandar injinsu a kwance take, bel ɗin yana fitowa daga gaba ne ya karya kwana a kan fuli biyu kafin ya nufi kasko. Wasu manya kuma sandar ƙarfe ce ke kai ƙarfin zuwa akwatin giya a saman kaskon. Hatta yadda ake kunna wuƙaƙe ya bambanta, domin a wasu liba ce ke ɗame bel, a wasu kuma kulocin lantarki ne.

Abin da ke taimakawa shi ne sanin wanda ya ƙera taraktar a zahiri, domin sunan da ke jikin murfin inji ba lallai ne ya zama na masana'antar ba. Taraktocin Craftsman misali ne sananne: waɗanda lambarsu ta fara da 917 sun fito daga masana'antar da ke ƙera na Husqvarna, masu 247 kuwa MTD ne ya yi su. Ramin tsakiyar wuƙa ma yana nuna dangi, tunda na ɓangaren Husqvarna galibi tauraro ne mai tsini biyar, na MTD mai tsini shida. Don haka a nemi kasko da lambar samfurin da ke kan farantin tarakta, wanda yawanci yake ƙarƙashin kujera ko a jikin firam, ba da faɗi ko launin fenti ba.

Duk da haka, ɗaukar lafiyayyen kasko na wata tarakta a yanke kunnuwansa a dasa na tsohon kaskonka aiki ne mai yiwuwa, kuma ya fi ƙira daga tushe sauƙi nesa ba kusa ba, in dai fulinsa ya zo layi ɗaya da na inji kuma wuƙaƙensa suna juyawa ta ɓangaren da bel ɗinka ke ja.

Me zan duba kafin in biya kuɗin na hannu?

Gudumar nan da sukudireba su ne abokan tafiya. Sabon fenti a kan tsohon kasko abin zargi ne har sai an ga cikinsa. A juya kowace wuƙa da hannu a saurari boris, a kama bakinta a girgiza sama da ƙasa a ji ko akwai wasa. Sannan a juya wuƙaƙe biyu maƙwabta har bakunansu su fuskanci juna. In ɗaya ta ɗara ɗaya tsayi sosai, ko dai wuƙa ta lanƙwashe, ko sanda, ko kuma rufin kansa ya karkace saboda karo da kututture, kuma wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar magani. Mataccen boris ba dalilin fasa ciniki ba ne. Karkataccen rufi dalili ne.

Mene ne bambancin kaskon da aka matsa da wanda aka haɗa da walda?

Yawancin taraktocin gida suna zuwa da kaskon da aka buga daga falle ɗaya a cikin babban injin matsi. Ƙarfensa ba shi da kauri sosai, galibi geji 13 ko 12, wato kimanin milimita 2.3 zuwa 2.7, amma lanƙwasa da tudu da kwarin da matsin ya fitar su ne ke ba shi ƙarfi, kamar yadda takardar da aka naɗe take tsayawa alhali shimfiɗaɗɗiya ba ta iya ɗaukar kanta. Injinan 'yan kwangila kuwa sun fi amfani da kaskon da aka yanka faranti-faranti aka haɗa da walda, daga geji 10, kimanin milimita 3.4, har zuwa geji 7, kimanin milimita 4.6. A tsarin geji, ƙaramar lamba ita ce ƙarfe mai kauri, abin da kan rikita mai saye na farko.

Wanda zai ƙera a gida nau'i na biyu kaɗai zai iya yi, tunda ba shi da injin matsi. Ma'anar haka ita ce ba zai kwafi kaurin tsohon kaskonsa ba. Shimfiɗaɗɗen rufi mai geji 13 zai riƙa lotsawa yana rawa a ƙarƙashin jan bel, don haka dole ya ƙara kauri, ko ya ɗora haƙarƙarin ƙarfe a sama, ko ya haɗa duka biyun.

To me zai hana in sa ƙarfe mafi kauri in huta har abada?

Nauyi ne zai hana. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai geji 13 yana da nauyin kilo 18 ko kusa da haka, na geji 10 kimanin kilo 27, na geji 7 kuwa kusan kilo 36. Kasko mai matsakaicin faɗi, idan aka haɗa rufi da bango da shingayen ciki da ƙarin faranti, yakan ci ƙarfen da ya kai murabba'in mita ko ya wuce. Sandunan ɗagawa da fil-fil ɗinsu da sifirin mai taimaka wa hannu an auna su ne da nauyin kaskon asali. Idan nauyin ya ninka, liba za ta gagari hannu, ramukan ratayewa za su faɗaɗa, ƙananan tayoyin kuma za su riƙa tona layi a ƙasa mai laushi. Tarakta mai ɗagawa da haidirolik tana jure ƙari, amma ko ita tana da iyaka. Geji 11 ko 10 a rufi, da zoben ƙarin faranti a ƙarƙashin kowane turke, ya wadatar ga taraktar lambu.

Wane ɓangare ne ya fi wuya a ƙira?

Mutane suna zaton walda ce. Ba ita ba ce. Abin da ya fi wuya shi ne a gama walda rufin yana nan a miƙe, mazaunin turaku duka a shimfiɗe ɗaya. Lissafi kaɗan zai nuna dalili. Wuƙa mai inci 21 tana da kimanin milimita 267 daga tsakiya zuwa baki. Idan mazaunin turkenta ya karkata da digiri ɗaya tak, wanda ido ba ya gani, baki ɗaya zai sauka da kusan milimita 5, ɗayan ya hau da kamar haka, bambancin ya kusa santimita guda ke nan. A kan ciyawa wannan yana fitowa a matsayin matakala, layi bayan layi, duk inda taraktar ta bi.

Zafin walda kuwa aikinsa ke nan, jan ƙarfe. Kaskon farko da na haɗa, na ɗora bangon a kan rufin na bi shi da walda tiryan-tiryan daga wannan kusurwa zuwa waccan, ina jin daɗin yadda ɗinkin yake fita sumul. Da ya huce na aza doguwar miƙaƙƙiyar sanda a kansa, sai ga tsakiya ta taɓa, gefe biyu kuma yatsa yana shiga ƙarƙashinsu. Na ɓata kwana biyu ina cusa siraran zobban ƙarfe a ƙarƙashin turaku ina neman daidaito, daga ƙarshe dai na yanke bangon na sake. Abin da ya kamata tun farko shi ne a ɗaure rufin da matsa a kan tebur mai kauri ko a kan miƙaƙƙun ƙarafa, a ɗiɗɗiga walda a kewaye duka, sannan a riƙa yin gajerun ɗinki na santimita 3 zuwa 5 ana tsallakawa daga gefe zuwa kishiyarsa, ana barin ƙarfen ya huce har hannu ya iya taɓawa. Aikin yana cin rai, amma babu gajeriyar hanya. Wanda yake da damar kai fallen wurin masu injin lanƙwasa ƙarfe, a karya masa bangon gaba da na baya maimakon walda, ya rage rabin wannan wahala.

Akwai dabara ta biyu: kada a huda ramukan turaku sai an gama manyan walda, ko kuma a yi faranti ɗaya mai kauri wanda zai ɗauki turakun duka, a ɗaure shi da notuna a kan ƙoƙon.

Ta yaya zan san inda kowane turke zai zauna?

Daga tsohon kasko, kuma saboda haka kada a yar da shi ko a yayyanka shi kafin sabon ya yi yankan farko. Ko ya ruɓe, shi ne kaɗai zanen da kake da shi. A shimfiɗa kwali mai kauri ko falankin katako a kansa, a fitar da tsakiyar kowane turke, da ramin fulin da ke ɗame bel, da mazaunin kunnuwa, a kuma auna tsayin kowane kunne daga rufin, a ɗauki hoton yadda bel ya zagaya kafin a cire shi.

Wurin turaku ba abin kintace ba ne. Wuƙaƙen da bel na yau da kullum ke juyawa ba su da tsayayyen lokaci a tsakaninsu, don haka da'irorinsu ba za su shiga juna ba, in ba haka ba wata rana za su yi karo. Amma kuma in aka jera su a layi ɗaya da rata a tsakani, siririn layin ciyawa zai tsira a bayan tarakta. Masu ƙira sun warware wannan ta hanyar gusar da turke ɗaya gaba: a kasko mai wuƙa uku, irin na inci 48 ko 54, na tsakiya ne ke gaba; a mai wuƙa biyu, irin na inci 42, ɗaya yana ɗan gaban ɗaya. Da haka hanyoyin yankan suna hawa kan juna ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Akwai wasu kasake masu bel mai haƙora, inda wuƙaƙen ke ratsa da'irar juna a kan lokaci ƙayyadadde. Irin waɗannan ban ba kowa shawarar ya kwaikwaye su a gida ba.

Akwatin ƙarfe mai kusurwa huɗu ba zai yi aikin ba?

Zai yanka ciyawa, amma ba zai fitar da ita da kyau ba. Kasko famfon iska ne kafin ya zama murfi. Fiffiken da ke bayan wuƙa yana zuƙo iska daga ƙasa, iskar ta miƙar da ciyawa tsaye domin kaifi ya same ta, sannan ta kwashi yankakkiyar daga wannan wuƙa zuwa waccan har bakin fita, wanda galibi yake gefen dama. A kaskon matsi, lanƙwasar bango ita ke yi wa iskar jagora. A akwati mai kusurwa, iskar tana mutuwa a lunguna, ɗanyar ciyawa ta taru a can ta dunƙule, ta riƙa faɗowa guda-guda a kan fili, tsatsa kuma ta samu gida tun shekarar farko.

Maganin shi ne shingayen ciki, wato siraran ƙarafa da aka lanƙwasa suka bi da'irar kowace wuƙa da 'yar rata kaɗan, aka bar hanya a buɗe ta gaba zuwa bakin fita. Zurfin kaskon da faɗin bakin fitar ma a kwafe su daga na asali. Wannan ne wurin da ƙirar gida ta fi kasawa, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake fifita saye duk lokacin da ya yiwu.

Tunda ina ƙira, zan iya rage girman fuli domin wuƙaƙe su ƙara gudu?

Kada a yi. Ƙa'idar ANSI B71.1 ta Amurka, wadda masu ƙera injinan gida ke bi, ta tsayar da iyakar gudun bakin wuƙa a ƙafa 19,000 a minti ɗaya, kimanin kilomita 347 a awa. Wuƙa mai inci 21 tana share ƙafa biyar da rabi a kowane zagaye, don haka iyakarta tana wajen zagaye 3,450 a minti. A ɗauka inji yana zagaye 3,400, fulinsa inci 5, na wuƙa ma inci 5. Ana cikin iyaka. Da zarar an mayar da na wuƙar inci 4, zagayen ya koma 4,250, gudun bakin kuma ya haura ƙafa 23,000. Dutse ko guntun waya da wuƙa ta ɗauka a wannan gudu harsashi ne, boris kuma zai yi zafi ya mutu da wuri. A riƙe girman fulin asali, haka ma tsawon wuƙa.

Haka nan duk abin kariya da ke kan tsohon kasko ya koma kan sabon: murfin bakin fita mai sifirin wanda ke karkatar da abin da aka harbo zuwa ƙasa, murfin bel, da birkin wuƙa in taraktar mai liba ce. Bangon kuma ya sauko ƙasa da layin wuƙa a kewaye, kamar yadda na asali yake. Wanda ya ƙera kasko da hannunsa, alhakin abin da ya fito daga ƙarƙashinsa yana wuyansa, babu kamfanin da zai raba shi da shi.

Wuƙa fa, ana iya ƙera ta ko a yi mata walda?

A'a. Wuƙa ƙarfe ne da aka gasa a kan ma'auni domin ta yi tauri ba tare da ta tarwatse ba, walda ko miƙewa da wuta kuma suna rusa wannan gashi. Wadda ta lanƙwashe ko ta tsage a canza ta.

Wane kayan aiki ake buƙata, kuma kowane ƙarfe zai yi?

Injin walda mai waya da gas ya fi sauƙin sarrafawa a kan falle mai wannan kauri, ko da yake gwani yana iya yi da na sanda. Sai injin yanka da gurza ƙarfe, injin huda mai tsayawa a tebur, abin yanke babban da'ira domin ramin turke, matsa masu yawa, da shimfiɗaɗɗen wuri na gaskiya. Baƙin ƙarfe na yau da kullum shi ne ya dace. Ƙarfe mai rufin tutiya yana jan hankali saboda ba ya saurin tsatsa, amma hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, sai an gurje rufin daga wurin ɗinki kuma an yi aikin a sarari. Idan faci ake yi, a yanke ruɓaɓɓen wurin gaba ɗaya a dasa sabon ƙarfe baki da baki, domin facin da aka ɗora a kan tsatsa yana ɓoye danshi a tsakani, ruɓar ta ci gaba a ɓoye.

Wani abin da kan ba mutane mamaki yayin kwashe kaya shi ne notunan turaku. Gidan turke sau da yawa na alminiyam ne, notin kuma na ƙarfe, shekaru da danshi sun haɗe su wuri guda, sai kan notin ya ɓalle a hannu. A sa wannan a lissafi tun farko, domin mai yiwuwa ne a ƙare da sayen sababbin turaku ko da tsofaffin suna da rai.

Ƙira ta fi arha?

Idan fallen ƙarfe kaɗai aka lissafa, ta fi. Amma turaku da wuƙaƙe da bel da tayoyi kuɗinsu ɗaya ne ko a kan ƙoƙon saye za a ɗaura su ko a kan na ƙira, don haka kwatancin gaskiya tsakanin farashin ƙoƙo zalla ne da jimillar ƙarfe, waya, gas, fayafayan yanka, fenti da kwanakin aiki. Ga wanda yake da kayan walda kuma yana jin daɗin aikin, lissafin yana iya fita. Ga wanda zai ɗauki mai walda haya, da wuya ya fita, kuma mai waldar da bai taɓa yin kasko ba zai iya kawo aiki mai kyan gani wanda ba ya yanka daidai. A irin wannan hali, idan ƙoƙo ya gagara samu, ya kamata a duba injin yanka mai nasa inji wanda ake ja a bayan tarakta, tunda shi ba ruwansa da kunnuwa ko layin bel.

Wane fenti ne zai hana tsatsar dawowa?

Babu fentin da ke daɗewa a cikin kasko, domin yashi yana gurzarsa duk lokacin da wuƙa ke juyawa. Shimfiɗar farko ta fentin ifoksi a kan tsabtataccen ƙarfe, da fenti mai tauri a samanta, ita ce mafi dacewa. A guji baƙin shafi mai kama da roba da ake fesa wa ƙarƙashin mota. Ciyawa tana manne masa, kuma in ya fara ɗagowa ruwa yana kwanciya a bayansa. Abin da ya fi kowane fenti tasiri shi ne kankare cikin kaskon bayan an yanka jiƙaƙƙiyar ciyawa, da share samansa, da ajiye taraktar a inuwa mai iska. Mai ƙira kuma ya huda ƙananan ramukan tsiyaya a duk inda haƙarƙarin sama zai iya tare ruwa.

Na ɗaura sabon kasko, saye ko ƙira. Me zan yi kafin in shiga ciyawa?

A tsayar da taraktar a kan daɓe mai shimfiɗa ɗaya, a daidaita iskar tayoyi huɗu, domin taya ɗaya mai sanyi tana karkatar da kasko duka. A cire makulli, a zare wayar fulogi, sannan a sa hannu. A juya kowace wuƙa zagaye cikakke a tabbata ba ta taɓa shinge ko maƙwabciyarta ba. A juya wuƙaƙen gefe su miƙe daga hagu zuwa dama, a auna tsayin bakunansu na waje daga daɓe. Bambancin kada ya wuce milimita 3. Daga nan a juya su gaba da baya a sake awo, bakin gaba ya kasance ƙasa da na baya da kimanin milimita 3 zuwa 6, saboda ciyawa ta yanku sau ɗaya a gaba, bayan wuƙar ya wuce ba tare da ya sake dukanta ba. A leƙa layin bel daga inji zuwa kasko a matsayi mafi sama da mafi ƙasa na liba, a ga bai goga firam ba.

Kunnawar farko a yi ta a fili, babu mutum ko dabba ko gilashi a kusa, musamman ta ɓangaren bakin fita, mai tuƙi yana zaune a kujera. A bar wuƙaƙen su juya minti ɗaya ko biyu ana sauraro, a kashe, a ƙirga yadda suke tsayawa. Ƙa'idar nan ta Amurka ta ba taraktar hawa sakan 5. Jijjigar da ta kai ga tafin ƙafa alama ce ta wuƙa marar daidaito ko fulin da bai zauna sosai ba, kuma a nemo ta kafin a ci gaba. In komai ya yi shiru, a yanka layi biyu a busasshiyar ciyawa, a sauko a duba ko akwai matakala ko layin da ya tsira, sannan bayan awa ɗaya na aiki a sake bin notunan turaku da na wuƙaƙe da sifana, a kuma duba ɗinkin kunnuwa ko fenti ya tsage a gefensa.